Jakar da Ba a Yi wa Ɗamara Ba

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, da kuma kunyar da ba mu da mayafin rufe ta, Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Misfala da Ka'akiyya, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Mai Girma Alhaji Abdulganiyyu Rabe, tana sanar da 'yan'uwa na nan Makka da na Jidda, da waɗanda wannan takarda za ta riska a gida, cewa ta samu labarin rasuwar dattijonta, ubanta, kuma tsohon Mai Kula da Wasiƙunta, Alhaji Malam Awwalu Maman Ɗaso, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba Mai Ƙugiya, wanda Allah Ya karɓi abinSa da hantsin ranar Litinin, biyar ga watan Rajab 1387, daidai da tara ga Oktoba 1967, a ɗakinsa da ke Misfala, yana da kimanin shekara saba'in da huɗu. An sallace shi a Harami bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa a Ma'alla. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya bar ƙasar Ɗaso a ƙasa yana saurayi, ya ratsa Cadi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a wata 'yar tashar jirgin ƙasa da jirgin wasiƙu ba ya tsayawa a cikinta. A can ya koyi sana'ar da ta zame masa suna. Kamar yadda ya sha ba mu labari, akwai dogon ƙarfe mai hannu biyu a kafe a bakin layin dogo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a tsakaninsu ake rataye jakar wasiƙu. Kafin a rataye ta kuwa sai an raba takardun gida biyu, rabi a kai rabi a gindi, a ja ɗamarar fata a tsuke tsakiyarta har ta koma kamar kalangu. In jirgi ya taso a guje, sai ma'aikacin da ke cikin taragon wasiƙu ya miƙo ƙugiya ta bakin ƙofa, ta faɗa daidai wurin ɗamarar ta fizge jakar, shi kuma ya hankaɗo ta mutanen garin da ƙafa, jirgi ko rage gudu bai yi ba. Yatsu biyu na hannunsa na hagu a wannan aiki ya bar su. Da yawa a cikinmu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, don haka in yana bayani sai mu riƙa ƙyafta wa juna ido, wasu ma su ce Baba ya fara tatsuniya da rana tsaka. Shi dai murmushi yake yi, ya ce duk asirin abin a ɗamara yake.

Da Allah Ya kawo shi wannan gari mai alfarma, ya tarar da halin da kowa ya sani: 'yan'uwanmu da yawa sun zauna bayan Hajji ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba mai iya tunkarar gidan waya ko tashar mota ba tare da gabansa na faɗuwa ba, ga iyaye da 'ya'ya a gida shekara da shekaru ba su san a raye mutum yake ko a mace ba. Marigayin, da kuɗin aljihunsa da guminsa, ya sa maƙeri ya ƙera masa irin wancan ƙarfe, ya kafa shi a bakin hanyar Jidda bayan an fita gari, ya kuma ɗaura ƙugiya a jikin motar Malam Isufu Ɗan Damagaram, direban da ke jigilar alhazai zuwa bakin ruwa, wanda ba a yarda ya tsaya a hanya ba in ya ɗauko fasinja. Motar ta zo wucewa, ƙugiya ta fizge jaka, a Jidda kuma a raba wasiƙun ga alhazai masu komawa, na Kano da na Sakkwato da na Damagaram da na Maraɗi, kowa ya kai na garinsu. Shekara goma sha uku ana haka, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Matan da suka ji labarin haihuwar jikokinsu ta wannan hanya, da mazan da suka samu gafarar iyayensu kafin ƙasa ta rufe idon iyayen, ba su ƙirguwa.

A nan ne ya kamata saƙo irin wannan ya juya ga addu'a ya rufe, kuma wallahi da za mu iya da mun yi hakan. Amma Majalisar Dattawan Ƙungiya ta zauna ranar Alhamis da ta gabata ta yanke cewa yabon mamaci da bakin da ya ci mutuncinsa yana raye, ba tare da an faɗi abin da aka yi masa ba, wani sabon zalunci ne a kan tsoho. Ta umarci mai rubuta wannan saƙo ya faɗa, kuma shi ya fi kowa cancantar ya faɗa.

Bayan Hajjin shekarar 1383, jaka mai ɗauke da wasiƙu ɗari da sittin da 'yan kai ta ɓata tsakanin Makka da Jidda. Malam Isufu ya isa bakin ruwa da ƙugiya ba komai a jikinta. Ba a yi mako biyu ba aka kama mutum uku a Misfala aka mayar da su gida, sai bakin mutane ya haɗa wannan da wancan, aka ce ai Baba ne ya miƙa wasiƙun ga hukuma, tunda a cikinsu akwai sunan kowa da lungun da yake kwana. Ba wanda ya kawo shaida, ba kuma wanda ya nema. Ƙungiya ta kira shi gaban Majalisa, Shugaba ya tambaye shi ko shi ne ya rataye jakar ranar. Marigayin ya ɗaga kai ya dubi Sakataren Ƙungiya, ya daɗe yana dubansa, Sakatare kuwa ya duƙufa yana gyara alƙalami. Sai ya ce, "Ƙarfena ne, jakata ce."

Muka tuɓe shi. Muka aika aka tumɓuke ƙarfen aka jefar a bayan gari. Muka daina kai masa goron suna da na ɗaurin aure. Mutumin da a da ba ya iya ratsa Misfala sai an tsayar da shi sau goma, ya koma in ya yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki, masu shago su juya harshe zuwa Larabci don kada ya sa baki. Uwargidansa, Hajiya Shatu, ta rasu a shekara ta biyu, mutanen da suka je masa gaisuwa ba su cika tabarma biyu ba. 'Yarsa, Hajiya Ummulkhairi, mata suka daina sayen abincinta a Arfa, suna kiranta 'yar mai kai rahoto. Shekara uku da rabi ke nan, jama'a, muna kallo.

Gaskiyar maganar kuwa ita ce ba shi ya rataye jakar ba. Ni ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan aikin Arfa, ya aika aka kira ni da sassafe, kasancewar mahaifina abokin tafiyarsa ne tun daga Cadi kuma a hannunsa ya cika, ya damƙa mini jakar ya damƙa mini ɗamarar, ya maimaita mini sau uku cewa in raba takardun biyu in tsuke tsakiya. A hanya wasu suka tare ni da ƙarin wasiƙu, ni kuma ga sabon Sakatare mai son a ce masa ya kyauta, na yi ta karɓa ina cusawa har jakar ta yi tumbi, ɗamara ta ƙi zagayowa. Na ce a raina ƙa'idar tsofaffi ce kawai, ƙugiya ai ƙugiya ce. Na cusa ɗamarar a aljihu na rataye jakar haka nan. Na ga lokacin da ƙugiyar ta doki cikinta ta rasa inda za ta kama, ta saƙale ta da gefe guda, motar ta wuce jakar tana reto. Na gani da idona, na dawo gida na ce an gama lafiya. Ranar da aka tuɓe shi, takardar sallamarsa ma da hannuna na rubuta ta, har ina gyara mata Hausa.

Abin da ba mu sani ba sai a rana ta uku ta zaman makoki shi ne abin da marigayin ya yi bayan mun kore shi. Da zazzaɓin ya sake shi, ya bi hanyar Jidda a ƙasa, tsoho mai shekara saba'in, yana leƙa kowane kwazazzabo, har ya tsinci jakar a gindin wata kwana, ta fashe, rana ta ci tawadar wasu takardun, awaki sun ci gefen wasu. Da ya kawo ta gaban Majalisa a ranar da ya tsince ta, da an wanke shi tas, domin duk wanda ya ga jakar ba ɗamara ya san ba ɗaurin Baba ba ne, daga nan kuma sai a tambayi wanda ya ɗaura. Sai ya ɓoye ta a ƙarƙashin akwatinsa. Ya zauna yana kwafe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya da ajaminsa, inda akuya ta ci ya bar wurin fili bai ƙara ko harafi daga kansa ba, ya riƙa tare alhazai a ƙofar Harami yana roƙonsu su kai. Shi ya sa a waɗannan shekaru amsoshi suka riƙa zuwa daga gida na wasiƙun da muka ce an sayar. Muka ce ikon Allah, muka karanta muka ji daɗi, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ta yaya.

Hajiya Ummulkhairi ce ta tarar da jakar tana haɗa kayansa. Ta shigo da ita har tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye a gaban Shugaba, tare da wasiƙu goma sha bakwai da mahaifinta ya kasa gano inda za su, an ɗaure su a tsakiya da tsumma. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Alhazai, Babana bai taɓa rataye jaka ba ɗamara ba. Ina ɗamarar?" Ɗamarar tana cikin akwatina tun ranar, na kasa jefar da ita, na kasa duban ta.

Saboda haka Ƙungiya, da bakin Shugabanta da Dattawanta da dukkan mambobinta, tana shaida wa duniya cewa Alhaji Malam Awwalu Maman Ɗaso bai ci amanar kowa ba, bai miƙa sunan kowa ga kowa ba, kuma duk wanda ya taɓa faɗin haka ko ya ji an faɗa ya yi shiru, to ya nemi gafarar Ubangiji ya kuma je ya nemi ta iyalinsa. Ƙungiya ta soke takardar sallamarsa, ta mayar masa da muƙaminsa, ko da yake mun san ba ya bukatarsa yanzu, mu ne muke bukata. An nemo ƙarfensa inda muka yar da shi, ya yi tsatsa amma bai karye ba, za a sake kafa shi a gurbinsa kafin Hajji mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wasiƙu goma sha bakwai ɗin nan suna hannun Shugaba. Duk wanda ya ba da takarda a waccan shekara bai samu amsa ba, ya zo bayan sallar Juma'a ya duba ko zai gane tasa. Ana roƙon alhazan da za su koma gida su karanta wannan saƙo a duk inda aka taɓa kai wancan mummunan labari, domin ƙarya ta riga mu isa can da shekara uku.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Ummulkhairi Awwalu, da maigidanta, da 'ya'yanta, da dangin marigayin na Ka'akiyya da na ƙasar Ɗaso, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya saka musu da alheri a kan haƙurin da suka riga suka yi da mu. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Hajiya Shatu a Aljannar Firdausi, Ya suturta shi ranar tonon asiri kamar yadda ya suturta wanda bai cancanci sutura ba. Ba mu da bakin cewa iyalinsa su yafe mana. In sun yafe, halin gidansu ne, in sun ƙi, haƙƙinsu ne.

Jiya na kai wa Hajiya ɗamarar. Ta karɓa ta juya ta a hannunta, ta ce mahaifinta ya bar wasiyya cewa in wata rana wani ya kawo ta, a ce masa tun ranar aka yafe masa, jiransa kawai ake ya zo da ƙafarsa. Daga ƙofata zuwa tasa bai kai taku ɗari biyu ba, shekara uku da rabi yana zaune yana jira, ni kuma ina zagayawa ta bayan layi.

Wassalam.

Alhaji Mukhtaru Salihu Yalwa,
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Misfala da Ka'akiyya, har zuwa zaman Majalisa na gobe, inda zai ajiye muƙamin;
wanda ya rataye jakar.

Makkatul Mukarrama, Juma'a, 9 ga Rajab 1387.