Duwatsun Baba a Kife

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin ƙaramar taka?

Ka tuna duwatsun yashin da Baba ya auna shekara talatin baya, ya raɗa musu sunan rafin da ke gindinsu, har suka shiga taswira? Ofishinmu ya tura ni in sake auna su. Na tafi da murnata, zan taka sawun mahaifina.

Kwana huɗu ina fasa dutse da guduma. Ka san in ruwa ya kwantar da yashi, tsakuwa ce ke fara sauka, mai laushi ya biyo. A nan kuwa kowane shimfiɗi tsakuwa a sama, laushi a ƙasa. Duwatsun a kife suke, Yaya! Shimfiɗin can ƙasa, wanda Baba ya kira mafi tsufa, shi ne autansu. Na zauna a bakin rafin, ko ruwa na kasa sha. Rahotona zai rushe aikin da aka san shi da shi. Da wane baki zan gaya masa?

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso. Ka ce in rufa masa asiri. Ban iya ba.

Ranar Asabar na same shi a falo yana goge tabarau. Na ajiye masa guntun dutsen da na faso daga can, ina ta kame-kame. Ya juya shi sau ɗaya, ya aike ni in ɗauko wani tsohon littafin aikinsa a ƙasan durowa. A shafin da ya buɗe akwai zanen shimfiɗun da hannunsa, da kibiya tana nuna ƙasa, alamar a kife suke. Kwanan watan, shekara biyu bayan an buga aikinsa.

Ashe ya sani. Ya ce lokacin an riga an yi masa ƙarin girma, ɗalibai sun haddace, kunya ta ɗaure masa baki. Ranar da aka tura ni ma ya san abin da zan tarar, amma ya sa mini albarka.

"Ki rubuta gaskiya," in ji shi. "Ki sa shafin nan a ciki."

Na miƙa rahoton jiya, da shafin. Har yanzu na kasa haɗa ido da shi. Ka zo gida, don Allah.

Ƙanwarka,
Auta