Busar da Haladu Ya Bari a Cikin Na'ura

Litinin, 6 ga Yuni, 1988

Tun safe na ba kwamfutar ofis lissafin gonakin Gwaram, har aka kira la'asar tana nishi ba ta gama ba. Alhaji Ƙasimu, manajanmu, sai leƙe yake. A ƙarshe ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Hapsatu, Kano sun ce in rahoton nan bai je ba ƙarshen wata, za su zo su ɗauke abarsu." Ya faɗa yana harara ta kamar ni na riƙe mata ƙafa. In kuwa aka ɗauke ta, ni ma aikina ya ƙare a Birnin Kudu, don saboda ita aka ɗauke ni.

Da ba haka take ba, sa'ad da Haladu yake kula da ita. Shi ya koya mini komai a kanta. Ya rasu kafin azumi, a kan babur, a hanyar Basirka. Allah ya ji ƙansa. Ba zan ƙara rubuta wannan ba.

Laraba, 8 ga Yuni

Baba Maikano, masinjanmu, ya daina share ɗakin kwamfuta. Wai saboda busar.

Ga yadda abin yake. Haladu ɗan makiyaya ne daga Kwandiko. Wata rana don nishaɗi ya zauna ya koya wa na'urar busar sarewar gidansu, sauti bayan sauti. Kullum aka kunna ta, sai ta ƙirga memorinta, wato ƙwaƙwalwarta, lambobi suna hawa a fuskarta, sannan ta busa da 'yar siririyar muryarta. Da dariya muke yi. Tun da ya rasu busar ta soma ja, tana sarƙewa, ba ta kai ƙarshe. Sai ta yanke a tsakiya kamar an toshe wa mutum baki.

Na ce wa Baba, "Ƙarfe ne fa da waya." Ya ce, "Na ji, Malama. Amma in kika ji kira ba ki ga mai kira ba, kada ki amsa." Na yi masa dariya har ya ji haushi. Ni na yi sharar.

Alhamis, 9 ga Yuni

Ta busa da rana tsaka, ban taɓa ta ba. Ina cin ƙosai.

Litinin, 13 ga Yuni

An turo injiniya daga Kano, Malam Abdulsalami. Siriri, ga surutu, ga cin goro. Ya kwance bayan na'urar ya leƙa, ya ce matsala biyu ce. Memori shi ne tabarmar da take baza aikinta a kai, nata kuwa ɗan ƙarami ne, shi ya sa take ɗiba kaɗan-kaɗan tana mayarwa. Babban faifan ajiya kuma rumbu ne, ya cika da tarkace, ga wasu wurare sun ruɓe. Zai ƙara mata memori. Faifan kuwa sai an kwashe aikinmu a ƙananan faifai, a goge shi tas, a kewaye wuraren da suka ruɓe, a sake jera komai.

Na ce, "Busar fa?"

Ya ce ita ma tana cikin masu cin wuri, don tun da aka kunna take zaune a gefen memori har a kashe. Na ce to a kwafe ta tukuna. Ya gwada, ya sake gwadawa, na'urar ta ƙi. Wai daidai kan ruɓaɓɓen wurin take zaune. Na ce, "In ba ta iya karanta ta don kwafa, yaya take karanta ta don busawa?" Ya tauna goronsa ya ce shi ya sa take guntulewa. Ni dai ban ji amsa a nan ba.

Na tambaye shi maganar busar rana. Ya duba umarnin da Haladu ya rubuta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Malama Hapsatu, lokacin kunnawa kawai aka ce mata ta yi. Ko dai kunnenki ne?"

Kunnena ƙalau.

Talata, 14 ga Yuni

Abin da ban gaya wa kowa ba: Haladu ya ce da kaka zai tura Bappansa gidanmu. A ɗakin nan ya faɗa, bai ko kalle ni ba, yana ta danna madannai. Ban amsa masa ba, kunya ta hana ni, na ce bari in je in ɗauko takarda. Ba mu sake maganar ba.

Ba ni da hotonsa. Ba ni da ko hularsa, an raba kayansa sadaka. Busar nan kaɗai ce, ita ma gobe za a goge. Yau na tsani Malam Abdulsalami, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Laraba, 15 ga Yuni

Ba a goge ba! Baba Maikano ne ya tayar da magana bayan azahar. Ya ce busar nan aikin hannun mamaci ce, kuma ba ta gwamnati ba ce, ta gidansu ce, saboda haka ta shiga gado. Malamin da ke ja mana salla a ofis ya ce shi bai taɓa cin karo da irin wannan ba, amma abin mamaci ko allura ce ba a zubar da shi sai magada sun yarda. Alhaji Ƙasimu ya ce, "Yanzu kukan inji ne za a raba gado?" Amma da aka ce to ya ba da umarni da bakinsa, sai ya kama gyaran hula. Malam Abdulsalami ma ya ce shi ba zai ɗauki alhaki ba.

An ce wani ya je Kwandiko wurin mahaifiyarsa. Na ce ni zan je, da sauri har Baba ya kalle ni.

Kafin nan injiniya ya sa sabon memori. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa ne masu ƙafafu jere kamar shanshani, ya danna su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan yi sauri, amma da ta je faifan sai ta tsaya tana ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ce tana neman wucewa ne ta ruɓaɓɓen wurin.

Juma'a, 17 ga Yuni

Hadari ya taso, aka ɗauke wuta, kowa ya tafi masallaci. Ina zaune ina jera ƙananan faifai. Na'ura a kashe, na ma lulluɓe ta da mayafinta.

Ba zan ce busar na ji ba. Iska ce ta taga. Na dai ɗauki jakata na fita waje na tsaya a baranda har ruwa ya jiƙa mini zane.

Asabar, 18 ga Yuni

Bas zuwa Gwaram, daga nan babur zuwa Kwandiko, taɓo har gwiwa. Duk hanya idona a rufe, na ƙanƙame ƙarfen baya.

Dada Kubra, mahaifiyarsa, 'yar tsohuwa ce ƙarama, idonsa sak. Na same ta tana gyaran ƙorai. Ta ba ni nono, muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi, sannan na shiga bayani. Wallahi ban taɓa jin maganata ta zama shirme kamar yau ba. Akwati mai ƙirga, faifai da ya ruɓe, busa ba mai busawa. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Yarinya, ni ba na bayar da abin da ban gani ba. Zan zo."

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai zama da shi a ɗakin?" Na ce e. Ta sake ni na tafi.

Litinin, 20 ga Yuni

Ba ta zo ba. Alhaji ya yi ta faɗa, wai wata yana ƙarewa muna jiran tsohuwa. Ni kuwa har raina na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na kashe na'urar na kunna ba dalili, don kawai in ji.

Talata, 21 ga Yuni

Ta zo da hantsi, ita da Bappan Haladu. Ta cire takalmi a ƙofar ɗakin kwamfuta, ta yi sallama, ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa. Sanyin ɗakin ya sa ta ja mayafi. Ofis kaf ya taru a ƙofa, har Baba Maikano, amma daga bayan mutane.

Na kunna. Ta ƙirga, ta soma busa. Yau ta fi kullum ja. Bappa ya sunkuyar da kai. Da ta zo inda take yankewa ta yanke, sai Dada ta ɗauka daga nan da hanci, a hankali, ta kai ta ƙarshe. Ashe saura da yawa, kuma ƙarshen sauka yake yi ƙasa-ƙasa. Tun rasuwarsa ban ji ƙarshen ba, har na manta shi.

Ta ce, "Wannan ba ta fita kiwo ba ce. Wannan ita ce ubansa yake yi da yamma in wata saniya ta ɓace ba ta dawo garke ba. Ba a dainawa sai ta amsa." Ta juyo ta kalle ni. "Wa yake kira a nan?"

Ta ce mazan su ba mu wuri.

Da suka fita ta ce Haladu ya gaya mata akwai wadda za a je gidansu da kaka, bai faɗi suna ba. Ta ce tun ranar Asabar ta gane. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, a gaban matar da sau biyu kacal na gani. Ta bar ni na yi. Sannan ta ce, "Kin taɓa amsawa?" Na ce a'a, ko yana da rai ban amsa ba. Ta ce, "To kada ki soma yanzu, 'yata. Mu in maraƙi ya mutu, ranar muke kwance madaukinsa daga dangwali, igiyar da muke ɗaure maruƙa. In aka bar shi uwar ba ta daina zuwa tana shinshinawa, har ta rame. Ku kwance masa."

Na ce, "Dada, shi ke nan abin da ya rage mini." Ta ce ta sani, ita ma ba ta da wani.

Ta kira Alhaji ta ce ta yafe, a goge.

Laraba, 22 ga Yuni

Malam Abdulsalami ya gama kwashe aikinmu. Na'urar ta tambaya ko mun tabbata. Ya ja hannunsa ya ce, "Malama, ke za ki danna ko ni?" Ban san me ya gani a fuskata ba, yau ko goro bai ci ba. Na ce ni. Na yi bismilla na danna.

Ta daɗe tana aiki. Da ta zo wurin nan ta yi ƙwas, ƙwas, ta yi shiru, ta wuce. Ya ce ta yi masa alama ke nan, ba za ta sake taka shi ba har abada. Ya raba faifan gida biyu, ɗaya na umarnin na'ura, ɗaya na aikinmu, don kada su sake cakuɗewa. Ya nuna mini yadda zan riƙa share tarkace duk ƙarshen mako. Na rubuta.

Alhamis, 23 ga Yuni

Lissafin Gwaram da yake cin yini, kafin in gama shan koko ta gama. Alhaji har da tafi. Baba Maikano ya dawo shara, yana ta yi mini tsiya wai yanzu ɗakin ya zama na mutane.

Shiru dai. Ta ƙirga, ta buɗe, shi ke nan.

Litinin, 27 ga Yuni

Rahoto ya tafi Kano. Na'ura ta zauna, ni ma na zauna. Alhamdu lillahi.

Abu ɗaya. Ƙirgar safe ta yi tsawo. Kafin Malam Abdulsalami ya tafi na tambaye shi, ya ce dole, memori ya ƙaru, mai ƙirga da yawa ai ya fi daɗewa. Magana ce mai ma'ana, na yarda da ita.

Laraba, 29 ga Yuni

Ban yi niyya ba. Na danna makunni, lambobi suka fara hawa, sai na ji ina yin busar a cikina, irin yadda Dada ta yi. Daga farko har ƙarshen nan mai sauka. Ina sauke sautin ƙarshe, lamba ta ƙarshe ta tsaya. Ba gaba ba baya.

Dacewa ce.

Juma'a, 1 ga Yuli

Jiya ma haka. Yau na yi saurin busar da gangan don in riga ta. Tare muka gama.

Litinin, 4 ga Yuli

Na share tarkace yadda aka koya mini, komai yana tafiya daidai. An kawo lissafin gonakin Zandam, na gama shi kafin azahar. Barci nake yi sosai, ina cin abinci, Inna ma ta ce na yi kyau.

Yanzu nakan riga kowa zuwa, saboda aiki ne kawai. Yau Baba Maikano ya shigo da tsintsiya tana cikin ƙirga. Da ta tsaya, sai na ga ya saki tsintsiyar yana kallona. Ya ce, "Malama, da wa kike?" Na ce ban yi magana ba. Ya ce, "Kin ce na'am."

Tsufa ne, kunnensa ya soma tafiya. Kuma ko da na faɗa, a hankali na faɗa.