Na Soke Abincin Makoki Ban Sani Ba

Ibu Marlina, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Abincin taro nake dafawa a nan Makassar, miyar naman da muke kira coto da gasasshen kifi da sauransu. Ƙanena Rusdi, wanda haɗa manhajar waya ce sana'arsa, shi ya yi min wadda mutane ke yin odar abinci ta cikinta. Da can abin da ta nuna min da safe shi za ta yi ta nunawa har yamma, sai in na tuna na sabunta ta. Wata rana wasu suka ɗage sunan ɗansu ban gani ba, na dafa akuya sukutum, aka kai gidan ba taro ba dalilinsa. Na wanke Rusdi tas. Ya gyara ta yadda duk sanda na fita na dawo, da kanta za ta ɗebo sabon labari.

To Ibu, ga inda na rikice. Ranar Talata ina tsakiyar suya, na ga wata oda da mai ita ta fasa a saman layi. Saƙo ya shigo, na leƙa na amsa, na dawo na danna sokewa a inda na bar ta. Ashe da dawowata wata sabuwa ta hau gurbin. Abincin addu'ar bakwai ne na mijin Ibu Hasnah, wadda ta daɗe tana saye a wurina. Saƙon sokewar ya je mata, amma mai takaba ina ta ga duba waya? Mutane suka cika gidanta, sai shayi aka ba su.

Rusdi ya ce manhaja ta yi abin da na roƙa ne, ido ya kamata ya riga yatsa. Na ce masa bai taɓa tsayawa gaban tafasasshen mai ba. Tun ranar bai tako gidana ba. Tsohuwar manhajar tana min ƙarya, sabuwar tana zille min. Wacce zan riƙe? Kuma laifin ma na wa ne? Wallahi na kasa ganewa.

Mai girki a Makassar

*

Ƙanwata, ajiye zancen waya tukuna. Gobe ki dafa abinci mai kyau, ki kai wa Ibu Hasnah da ƙafarki, ki faɗa mata yadda aka yi. Ita ce aka kunyata a gaban baƙi.

Batun manhaja kuwa, kada ki koma tsohuwar. Rusdi ya yi daidai da ya sa ta riƙa sabunta kanta, don aiki da labarin da ya kwana haɗari ne. Amma ke ma da gaskiyarki: bai kamata abu ya sauya a ƙarƙashin yatsan mutum ba. Aikinsa ne bai ƙarasa ba. Ki roƙe shi in sabon abu ya shigo, manhajar ta nuna alama a sama, layi ya tsaya sai kin taɓa. Kafin ta soke kowace oda kuma, ta tambaye ki da sunan mai ita ɓaro-ɓaro.

Ke ce babba, ke za ki fara kira. Ki gayyace shi kicin a ranar da aiki ya fi yawa, ki miƙa masa wayar hannunsa duk mai, ya gwada da kansa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ke kuma ki saba karanta suna kafin ki danna.

Allah ya jiƙan mamacin, ya daidaita ki da ƙaninki.

Ibu Marlina