Man Kaskon Iya Ramota

Fagge, Litinin.

Kaosarat,

Assalamu alaikum, don sallama wajibi ce. Ban da ita ba ni da gaisuwar da zan yi miki. Kada ki kira, ba zan ɗaga ba.

Kin zo rumfata a Sabon Gari da allura, kika ɗebi jinina da na mata takwas masu suyar kifi, wai binciken makaranta. Ni na lallashe su. Yanzu Chioma maƙwabciyata ta karanta mana takardarki: wai man da muke maimaita suya da shi yana haukata sojojin jini. Magana ta zaga layi. Jiya kifina kwali biyu ya yi kwantai. Man nan ba a zubarwa, ƙari ake yi. Haka na gada wajen uwata, shi ne ɗanɗanon. Ashe karatu na sa ki don ki tona mini asiri a kasuwa?

Mahaifiyarki,
Ramota.

Kwaciri, Laraba.

Iya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, amma ni ma raina a ɓace yake.

Ban rubuta sunan kowa ba. Iya, sojojin nan, wato fararen ƙwayoyin jini, su ke kashe cuta, su warkar da ciwo, kuma da kitsen da muke ci ake gina jikinsu. Kitsen kifi kwantar da su yake yi. Man da ya sha wuta har ya yi baƙi kuwa tunzura su yake, su yi ta hura kumburi ba hutu. A cikin ku tara, naki ne ya fi muni. Wata biyar gyambon ƙafarki bai rufe ba, kina ɓoye shi da zani. Likita ya ambaci yanke ƙafar, kika ce kada na ji. Na ji. Ki yi ta fushi da ni da ƙafa biyu, na yarda.

'Yarki mai biyayya,
Kaosarat.

Fagge, Asabar.

Kaosarat,

Sallama. Har yanzu ban huce ba.

Na juye man a kwata, ina kuka, Chioma na kallo. Kifin yau lami.

Ƙafa tawa ce, ki bar ni da ita. Amma ke da kike ta lissafin mata tara, kin manta ta goma. Shekara ashirin daga kaskon nan nake cika miki kwano, ina zaɓar miki wanda ya fi soyuwa. Ki ɗebi naki jinin gobe. Ki rubuto mini abin da kika gani, kuma kada ki yi mini ƙarya.

Allah ya tsare,
Iya.