Tiresa Ta Ƙi Zama

Logan, kusa da Brisbane, watan Mayu

Yaya Leata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida, da gwiwar nan taki. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Yaya, kaina ne ya ɗaure. Malamar su Tiresa, Misis Whitlock, ta kira ni makaranta. Ta ce 'yar tawa ba ta zama. Ana cikin darasi sai ta miƙe, ta feƙe wa 'yan aji fensir ba wanda ya sa ta, ta leƙa taga, ta dawo tana lilo da kujera. Ranar Talata a ƙarƙashin tebur aka same ta da wani littafin 'yan manyan aji. Matar ba ta da mugunta, har shayi ta ba ni. Amma ta ce tana zargin wata larura ce mai hana yara tattara hankali wuri ɗaya, in kai ta asibiti, akwai ƙwayoyin da ake ba su.

Da maigidana Fa'avae ya dawo daga aiki a mayanka na gaya masa. Ya ce, "Larura? Rashin kunya dai. A garinmu ba a kanti ake sayen maganinsa ba."

To amma yarinyar nan lokacin addu'ar yamma naɗe ƙafa take yi ta zauna kamar an dasa ta. Jiya ina fere gwaza ta tsare ni: "Mama, tunda duniya juyawa take, me ya sa jirgin da ya taso daga Apia, can ƙasarmu, ba zai tsaya a sama ya jira Brisbane ta zo ta same shi ba?" Na ce ta je ta wanke hannu. Mai irin wannan tambaya ce ba ta tattara hankali? Ko kuwa tambayar ma tana cikin alamun cutar?

Ke kika raine ta har ta shekara biyar. Haka take a hannunki? Ki gaya min tsakani da Allah.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Sieni

Safotu, watan Yuni

Sieni,

Mun gode Allah, gwiwa tana nan tana mulkinta.

Cuta a ina? Yarinyar da na miƙa miki sumul? Kun kulle ta a gidan da ko iska ba ta ratsa shi, daga mota sai kujera, sannan ku ce ba ta zama. Ko ni ce, miƙewa zan yi. Kada ki kuskura ki sa mata ƙwaya a baki. Ki kuma gaya wa mijin nan naki, in ya ɗaga mata hannu, kafin yamma zan ji a nan tsibirin Savai'i.

Tunda kin tambaya: e, a makarantar fasto ta fitini mutane. Kafin a rufe baki ta ba da amsa, sauran yara su yi ta hamma. Da matar fasto ta gaji, sai ta ware mata ƙanana ta ce ta koya musu baƙaƙe, aka samu lafiya. Ni ban ɗauki abin a bakin komai ba, na ce surutun gidanmu ne ta gado.

Ki turo min ita kawai. In ta wuni tsintar kwakwa da sharar tsakar gida, za ki ga zama.

Allah ya tsare ku.
Leata

Logan, watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min shirun, ban san abin da zan rubuta ba ne, har yanzu ma ban sani ba.

Likita ya tura mu wurin wata mata mai gwada basirar yara. Ta shiga da Tiresa ɗaki, ni ina leƙe ta gilashi. Yaya, rabin yini yarinyar nan ko motsi. Da ta fito cewa ta yi, "Yaushe za mu dawo?"

Matar ta ce karatunta na 'yan sakandare ne, lissafinta ma ya wuce nan. Wai gundura ce ke tayar da ita, don abin da ake koyarwa ta san shi tuntuni. Na ce alhamdu, ashe lafiyarta lau. Ta ce ba ta ce haka ba, wani yaron yakan haɗa duka biyun, sai an ƙara lura. Na ce, "Baiwar Allah, ciwo ne ko ba ciwo ba?" Ta yi murmushi ta ba ni takardu.

Na kai wa Misis Whitlock. Ta karanta ta ce, "To in haka ne, me ya sa ba ta ƙarasa aikin aji?" A mota na tambayi Tiresa. Ta ce, "Na ƙarasa mana, a kaina. Duk tambaya ɗaya ce, lambobin kawai suka canza."

Makaranta ta yarda ta riƙa shiga ajin manya da safe don lissafi. Satin farko da rawa take dawowa gida. Sai ga shi makon jiya ta kawo takardar jarrabawa, ba ta ci ko ɗaya ba. Na matsa mata, ta fashe da kuka. Da gangan ta yi. Manyan suna ce mata jaririyar farfesa, ƙawarta Aroha kuma ta daina ajiye mata wuri lokacin cin abinci. So take a mayar da ita ajinsu, ajin da ba ta iya zama a ciki!

Fa'avae ya ce ya gaji da zaryar makaranta, in an yi hutun Kirsimeti zai sa ta a jirgi zuwa wurinki, kuma ya ce ke ma haka kika ce. Ashe Tiresa tana bayan ƙofa. Da safe ina taje mata kai ta ce, "Mama, don ina da ƙoƙari za a mayar da ni, ko don ba na jin magana?" Na ci gaba da taje mata kan kawai.

Me zan yi, Yaya?

Taki, Sieni

Safotu, watan Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ranar da na karanta cewa za a turo ta, na shanya tabarmarta, na gaya wa rabin gari. Gidan nan ya yi min faɗi tun tafiyarta, ba sai na ɓoye miki ba.

Amma tambayar nan tata, ta jirgin da zai tsaya a sama ya jira, ta tsaya min a rai. Na kai wa fasto tambayar, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce zai bincika. Har yau yana bincike. In ta zo, wa zai amsa mata? Shara zan iya ba ta, da gwaza, da ƙauna. Za ta zauna, na san yadda ake sa yaro zama. Ban tabbata zaman nan alheri ne gare ta ba.

Ban gane abin da ke damunta ba, ni ma. Amma kada ku turo ta. Ki ce da Fa'avae ni na faɗa, na janye maganata ta farko. Kuma ki ba yarinya amsar abin da ta tambaye ki kina taje mata kai, kada ki bar ta da wannan tambaya a ciki.

Ubangiji ya ba ki basira.
Leata

Logan, watan Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, na gode.

Fa'avae ya ɗauki hutu ya je makarantar da kansa, ya roƙa a bar shi ya zauna a bayan aji. Ƙaton mutum a kan 'yar kujerar yara. Kafin a fita tara shi ma zaman ya gagare shi, ya sulale waje. Tun ranar bai sake maganar sa ta a jirgi ba.

Ƙwaya ba mu karɓa ba, amma likita ya ce mu koma bayan hutu. Tana zuwa ajin manyan wasu ranaku, wasu ranaku ta ƙi. Alhamis ma sai da aka fitar da ita daga aji.

Jiya muna cin abinci na yi ta maza na ce, "Tiresa, ba inda za ki. Nan ne gidanku."

Ta dube ni ta ce, "Mama, ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Sannan ta miƙo kwano a ƙara mata.

Ƙanwarki, Sieni