Agogon Baba Ya Dawo Sabo

George Town, Penang
4 ga Maris

Zuwa ga Yayana Shukri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Rosnah da yara. Yaya gwiwar taka? Ruwan saman da ake yi muku a Miri ya ɗauke kuwa? Mu nan sai godiya.

Na rubuto ne don in na kira ka ƙarar injin wurin aikinku ba ta barin mu ji juna. Maganar agogon Baba ce. Kamar yadda muka shirya ni da kai da autarmu Mastura bayan sadakar arba'in, na kai shi wurin Mista Khoo, dillalin tsofaffin agogo na Titin Campbell, don a yi masa kuɗi a raba gado. Da ka ga tsohon nan! Ya maƙala gilashinsa a ido, ya juya agogon, ya sake juyawa, har shayinsa ya huce. Ya ce fuskar nan da muke wa dariya, wadda ta koɗe daga baƙi ta koma ruwan ƙasa, ita masu tara agogo suke nema ido rufe. Wai shekara talatin da Baba ya yi yana shigo da jiragen ruwa tasha, rana da iskar teku ne suka yi mata wannan rini, kuma ba kamfanin da zai iya yin irinsa. Ya taya ringit dubu ɗari da tamanin. Sai da na nemi kujera. Zan fito ya ce, "Madam, ko ba ni za ki sayar wa ba, kada ki bari kowa ya taɓa shi."

To, ka san Fadzil, mijin Mastura, komai ya sani. Da na ba su labari sai ya ajiye cokali ya ce, "Haba Yaya Norizan! An taya miki haka a kan agogo mai datti, ba ki gane wayon dillali ba? Wa yake sayar da mota bai wanke ta ba? A kai kamfanin da ya ƙera shi, su gyara su ba da takardar shaida, kuɗin ya ninka." Sati biyu yana bina da wannan waƙa, safe da yamma. Mastura ma ta bi bayansa, don ta sa rai da rabonta a kan karatun likitan da 'yarta Aina za ta fara.

Shekaranjiya na hau jirgin ƙasa daga Butterworth na kai agogon ofishin kamfanin na Kuala Lumpur. Sun ce sati takwas. Ka yi mana addu'a.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Norizan


George Town
19 ga Mayu

Yaya Shukri,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma jarrabawar yara ta zo da sauƙi. Ni dai jikina lafiya, raina ne a ɓace.

Agogo ya dawo, bayan sati goma ba takwas ba. Cikin akwati mai laushi, da takardar shaida mai hatimi. Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa. Yaya, ba agogon Baba ba ne. Fuska baƙa wuluk sabuwa dal, hannaye sababbi, gilashi sabo, jikin an goge shi har ina ganin haƙorana a ciki. Fadzil kuwa har da tafi, wai yanzu ne ya zama agogon manya.

Tare muka je wurin Mista Khoo, Fadzil na gaba yana taƙama. Tsohon bai ma sa gilashi a ido ba. Ya dubi agogon, ya dube ni, ya ce, "Madam, me na yi miki?" Fadzil ya tura masa takardar shaida. Ya ce, "Ɗana, wannan takarda shaida ce cewa an kashe shi. Injin ne kawai na mahaifinku, sauran kowa ma zai iya saye." Ya ce yanzu dubu hamsin, shi ma don mutuncin Baba. Fadzil ya ce ƙarya ce, ya ja mu wurin wasu dillalai biyu. Ɗaya ya taya arba'in da biyar. Ɗayan dariya ya yi, ya tambayi wane maƙiyinmu ne ya ba mu shawara.

Mista Khoo ya ce in aka samo tsohuwar fuskar da hannayen, za a ceto fiye da rabi. Washegari na sake hawa jirgi zuwa ofishin kamfanin. Suka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi kamar firji, aka kawo min ruwa a kofin gilashi, na yi awa biyu ina kallon hotunan duwatsu masu ƙanƙara. Da manajan ya fito, murmushi kamar za a ɗauke shi hoto. Ya ce duk abin da aka cire ana mayar da shi masana'anta a Suwizalan, a can ake lalata shi don kada ya faɗa hannun masu jabu. Na ce kayan ubana ne, da kuɗinsa ya saya tun kafin a haife ka. Ya ce, "Madam, mu aikinmu agogo ya yi aiki, ruwa kada ya shiga. Kasuwar tsofaffin kaya ba mu da hannu a ciki." Sai ya juyo min takarda ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Na roƙe shi ya rubuta can ko Allah zai sa ba a kai ga lalatawa ba. Ya rubuta. Jiya amsa ta zo, layi biyu: suna ba da haƙuri, suna kuma godiya da amincewar da na yi musu. Amincewa! Kuma mu muka biya kuɗin aikin.

Shi kuwa gogan naka Fadzil ya sauya baki. Wai shi shawara ya bayar, ba shi ya sa hannu ba. Mastura ta daina ɗaga wayata. Aina ta zo ta zauna a kicin ɗina tana ta tsinke min ganyen miya, ni kuma na kasa haɗa ido da ita.

Na kira ka sau huɗu ba ka ɗaga ba. Don Allah ka rubuto.

Taka,
Norizan


George Town
11 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya Rosnah ta gaya min takarduna sun iso, ka karanta ka sa a aljihun tebur.

Akwai abin da na ɓoye maka. Na bar ka kana jin haushin Fadzil da kamfani, kuma sun cancanta, har gobe ban yafe wa mutanen da za su niƙa fuskar agogon mutum su turo masa godiya ba. Amma ba ido rufe na sa hannu ba. Yarinyar da ta karɓi agogon, Kavitha sunanta, ta nuna min wurare biyu a takardar: ko a gyara injin kawai a bar sauran yadda yake, ko a mayar da shi sabo. Ta rage murya ta ce, "Madam, kin tabbata? Masu irin wannan da yawa ba sa so a taɓa." Sau biyu ta tambaye ni. Ni na ce a mayar da shi sabo.

Kai ba ka nan ranar da Baba ya faɗi. An gaya maka a matakalar bayan gida ne, amma ba a gaya maka ina nake ba. Ina kasuwar Chowrasta ina cinikin kifi, na tsaya hira da wata tsohuwar ɗalibata. Na ce masa minti ashirin, na yi awa ɗaya da rabi. Na tarar da shi kwance, hannun hagu a ƙarƙashinsa. Gefen agogon ya lotsa, gilashin ya tsage. A asibiti ni aka miƙa wa shi a cikin leda. Tun daga ranar, in na buɗe akwatin ba na ganin teku, ba na ganin shekara talatin ɗin da Mista Khoo yake faɗi. Lotsawar nan kawai nake gani. Da yarinyar ta ce za a goge ta, ban ji sauran bayaninta ba. Ban yi tunanin kuɗi ba, ban yi tunanin Aina ba, ban yi tunaninka ba.

An goge ta kuwa, tsaf. Ban ji sauƙin komai ba.

Ranar Lahadi na je gidan Mastura ba tare da sanarwa ba, na gaya mata duk wannan a gaban mijinta. Da na gama ta ce, "Da ni ce na tarar da shi, da teku na jefa agogon." Muka yi ta kuka. Fadzil ya buɗe baki, ta ce masa ya je ya dubo mota.

Na bar mata rabona gaba ɗaya. Ba zai kai ba, amma Aina za ta fara shekarar farko, saura kuma Allah na nan. Mista Khoo ya ce zai riƙe tayinsa zuwa ƙarshen wata. Kai ne babba, naka rabon ya fi yawa, asararka ta fi ta kowa, kuma ba zan sayar ba sai da yardarka.

Yaya, in fushi kake yi, ka yi shi a takarda. Ka zage ni, ka ce na yi wauta, duk zan ɗauka. Wata shida ina jiran wani ya yi min faɗa a kan ranar nan, ba wanda ya yi. Kai kaɗai ka rage da za ka iya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Norizan