Amsar Da Ta Zo Kana Fadamar Miga

Haidalbag, Jamus,
9 ga Yuni, 2001.

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Zuwaira da yara, da fatan shanun Baffa sun ga damina lafiya. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, amin.

Jiya masu masaukinmu suka zagaya da mu jami'ar da ka ɗauki shekaru kana mafarkinta. Ta haura shekara ɗari shida, ga kogi a gefe, ga ɗakin karatu da ya fi sakatariyarmu ta Dutse kwarjini. Har wani tsohon kurkukun ɗalibai suka nuna mana, duk bangon sunaye ne. Na yi dariya, na ce su ma Turawa sun san ɗan makaranta sai da horo.

Da zan taho ka ba ni takardunka, ka roƙe ni in tambaye su dalilin da ya sa suka ƙi ka. Ban tambaya ba, domin ba su ƙi ka ba. Amsarsu ta zo akwatin gidan wayar ofishinmu shekara takwas da suka wuce, kana fadamar Miga da garke. Sun ɗauke ka. Na buɗe ta a gaban Baffa, Allah Ya jiƙansa, ya ce in karanta masa tunda shi bai san boko ba. Na ce masa sun ce ƙwaƙwalwarka ba ta kai ba. Sai ya ce dama sanda ce ta dace da hannunka. Takardar kuwa murhun Inna ta shiga.

Kada ka zaci nadama ce ta sa na rubuto. Gida mai 'ya'ya maza biyu, dole ɗaya ya bi shanu, ni kuma ban shirya ajiye biro ba. Na gaji ne da yadda kake sunkuyar da kai kana cewa laifinka ne. Ka iya kiwo, wannan ba mai musu.

Takardunka na ƙasan akwatina, zan dawo maka da su yadda ka naɗe su. Akwai littafin baƙi a bakin ƙofar jami'ar, na rubuta sunanka a ciki, ka ga kai ma ka shiga.

Ka gaida Inna da Gwaggo Adama da Kawu Barau. A ajiye mini man shanu.

Yayanka,
Idirisu.